Manyan motoci a Najeriya: Abin da tsofaffin hotuna ke faɗa game da halin da ake ciki a yau

A 'yan shekarun nan tsofaffin hotunan manyan motoci na zamanin dalar gyaɗa sun yi farin jini a shafukan sada zumunta na arewacin Najeriya. Sai dai baya ga begen da suke tayarwa, hotunan na ɗauke da bayani kan yadda aka yi ƙasar ta ɗora kusan dukkan kayanta a kan kwalta, da kuma waɗanda ke ɗanɗana kuɗar hakan.

Duk wanda ke bibiyar shafukan tarihi a Facebook, ko zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da abokan arziki, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan hoto ba: mota ƙirar Bedford mai bodin katako, an shaƙe ta da buhuna, leburori na sauke kaya a ka, can baya kuma ga dalar gyaɗa ta tokare sama.

Sharhin da kan biyo baya kusan iri ɗaya ne. Wasu su yi wa magabata addu'a, wasu su tuna da mahaifi ko kaka da ya yi tuƙi tsakanin Kano da Legas, wasu kuma su ce zamanin albarka ya wuce.

Ana samun irin waɗannan hotuna a taskar adana kayan tarihi ta Birtaniya, wadda ta sanya dubban hotunan Afirka na zamanin mulkin mallaka a intanet a shekarar 2011, da kuma cikin tarin hotunan E. H. Duckworth, tsohon editan mujallar Nigeria, da ke ajiye a jami'ar Northwestern ta Amurka. Wasu kuwa daga adakar iyalai suka fito, inda za ka ga direba ya ci ado, ya dafa ƙofar motarsa, yaransa na tsugune a gefe.

Hotunan sun sake bayyana ne a daidai lokacin da sana'ar dakon kaya ke cikin tsaka mai wuya: tsadar man dizal, lalacewar hanyoyi, fashewar tankokin mai, matsalar tsaro, da kuma takaddama kan ko wane ne zai mallaki motocin nan gaba.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sauya tsakanin wancan hoto da jerin gwanon tireloli da ake gani yanzu a Tafa ko Mararrabar Jos?

Dala da layin dogo

Abu na farko da ya kamata mai kallo ya lura da shi shi ne, kusan duk inda aka ga dalar gyaɗa, to akwai layin dogo a kusa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa cikin sauri, har attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka shahara da shi. Daga bisani aka kai dogo Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, sannan Maiduguri a 1964.

A wancan tsari, aikin babbar mota shi ne ta kwaso amfanin gona daga kasuwannin ƙauye ta kai bakin tasha, wato aikin da jakuna da raƙuma suka fara yi kafin ta karɓe shi daga hannunsu. Doguwar tafiyar, ta sama da kilomita 1,100 zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, jirgi ne ke yin ta.

Gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta ɓoye cewa ba ta son mota ta yi gogayya da jirgi ba, domin hukumar jiragen ƙasa tata ce. A shekarun 1930 ta ƙara kuɗin lasin ga motocin da ke bin hanyoyin da ke kusa da dogo, lamarin da ya kai masu motocin haya ga shiga yajin aiki a 1937. Cikin waɗanda suka shirya wannan yajin aiki har da wani matashi mai suna Obafemi Awolowo, wanda daga baya ya zama firimiyan jihar Yamma.

Akwai kuma wani abu da masu begen dala ba su cika ambata ba. Dalar, wadda aka ce kan ci buhu har 15,000, ba alamar yalwa kaɗai ba ce. Bayan yaƙin duniya na biyu hukumar jiragen ƙasa ta yi fama da ƙarancin injuna da taragu, ta yadda gyaɗar bara kan tarar da ta bana a Kano ba a kwashe ta ba.

Ke nan hoton da ake alfahari da shi, hoto ne kuma na kayan da suka rasa abin ɗauka. Wannan giɓi ne ya buɗe wa masu motoci ƙofar shiga doguwar tafiya, kuma irin su Sir Louis Odumegwu Ojukwu da Alhaji Sanusi Ɗantata na cikin waɗanda suka yi suna a harkar sufuri.

Lamarin bai tsaya a Najeriya ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ita ma a mota ake kawo ta Kano a ɗora wa jirgi, har zuwa shekarun 1950 lokacin da Faransawa suka fara karkata wani kaso nata zuwa Paraku da Kwatano.

Magadan fatake

Ga Bahaushe, tuƙin babbar mota bai zo a matsayin baƙuwar sana'a ba. Hanyoyin da motoci suka bi, da ma hajar da suka ɗauka, fatake sun riga su sani: shanu, kanwa, fata da albasa su gangara kudu, goro, manja da gishiri su hauro arewa.

Abin da ya sauya shi ne lokaci. Tafiyar da ayarin goro kan shafe watanni yana yi zuwa Gwanja da dawowa, ta koma ta kwanaki, musamman bayan noman goro ya kankama a ƙasar Yarabawa, inda garuruwa irin su Shagamu suka zama matattarar 'yan kasuwar arewa.

Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara kan amana da bashi tsakanin mai gida, dillali da baƙon da ya kawo kaya. Direba na tsakiyar wannan sarƙa.

Tsofaffin direbobi kan ba da labarin yadda mai mota zai sallame su, ya shafe mako ɗaya ko biyu bai ji ɗuriyarsu ba, alhali suna ɗauke da dukiyar mutane, da wasiƙu, da kuɗin da 'yan ci-rani ke aika wa iyalansu. Babu wayar salula, babu na'urar bin sawun mota. Jarin direba shi ne sunansa.

Har aikin Hajji an yi a bayan irin waɗannan motoci. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyata da dama sun bi ta Maiduguri, suka ratsa Chadi ta Abeche, suka shiga Sudan har bakin Bahar Maliya, wasunsu kuma ba su dawo ba, suka kafa zuriya a can.

Ba abin mamaki ba ne da sana'ar ta shiga bakin mawaƙa. Alhaji Mamman Shata ya waƙe direbobi da masu motoci, yayin da Waƙar Karen Mota ta kasance cikin waɗanda suka fito da sunan Ɗanmaraya Jos. A kudu ma, Wole Soyinka ya gina wasan kwaikwayonsa na 1965 mai suna The Road a kan rayuwar direbobi da 'yan tasha.

Makarantar karen mota

A gefen kusan kowane tsohon hoto akwai wani yaro da ba a cika kula da shi ba, sanye da riga mai baƙin mai. Shi ne karen mota, ko yaron mota kamar yadda aka fi so a kira shi yanzu.

Shi ke ɗaure tampol, shi ke zuba ruwa a lagireto, shi ke dirowa da gudu ya tokare taya da katako idan mota ta tsaya a hawa. Shi ne mai wanki, mai girki, kuma mai gadi idan ubangidansa ya kwanta.

Sai ya shafe shekaru a haka kafin a ba shi sitiyari, da farko a cikin tasha, sannan a kan hanyar da babu cunkoso, kafin a kai shi gwaji ya karɓi lasin. Kafin ya zama direba ya san ciwon injin daga ƙararsa, ya san kowace kwana da kowane gangare tsakanin Jebba da Tegina.

Sai dai bai kamata bege ya rufe ido ba. Rayuwar karen mota cike take da duka, yunwa da wulaƙanci, kuma da yawa sun tsufa ba su samu motar kansu ba.

Hanyoyin ma ba abin marmari ba ne. Akasarinsu na burji ne, wasu ba sa biyuwa sai da rani, kuma idan ruwa ya sauka akan tsayar da manyan motoci har ƙasa ta tsane. A manyan koguna sai an jira jirgin fito: gadar da ta haɗa Asaba da Onitsha sai a 1965 aka kammala ta, gadar Makurɗi ta 1932 kuwa jirgi da mota ne ke amfani da ita tare.

Fasinjojin da ake gani zaune a saman lodi, waɗanda ke ƙawata hoton, su ne kan fara mutuwa idan mota ta faɗi. Rubuce-rubucen da ke goshin motocin, na neman tsari da tuna haƙuri da rabo, ba ado kawai ba ne. Mutanen da suka san za su iya fita ba su dawo ba ne suka sa aka rubuta su.

Ga mai son sanin shekarun hoto, akwai wata alama mai sauƙi. Idan motoci na bin hannun hagu, sitiyari kuma na dama, to an ɗauke shi ne kafin ranar 2 ga watan Afrilun 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Lokacin da kaya suka bar dogo

Wannan sauyin hannu ya zo ne a farkon shekarun da suka sauya sana'ar baki ɗaya.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun raba hukumar jiragen ƙasa da ƙwararrun ma'aikata da dama, suka kuma katse layin gabas. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen dala. Kuɗin man fetur kuma ya ba gwamnati damar shimfiɗa tituna, ciki har da babbar hanyar Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 1978.

Alƙiblar kaya ma ta juya. Maimakon amfanin gona ya gangara teku, sai siminti, shinkafa, sukari da kayan masana'antu suka riƙa haurowa daga teku.

A shekarar 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki kaya kimanin tan miliyan 3. Zuwa farkon shekarun 2000 abin da suke ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba, duk da cewa an taɓa ɗauko ƙwararru daga Indiya su gudanar da hukumar tsakanin 1979 da 1982.

Ƙiyasin da hukumomi kan ambata shi ne, kimanin kashi 90 cikin 100 na zirga-zirgar kaya da mutane a cikin ƙasar a kan titi ake yin ta.

A hotunan wannan zango ne Bedford ta fara ja da baya, Marsandi ƙirar 911 da ake kira roka ta mamaye hanya, sannan tirela ta biyo baya.

Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin motocin a cikin gida aka harhaɗa su. A 1959 aka fara haɗa Bedford a Apapa, sannan gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antar Steyr a Bauchi, ta Fiat a Kano, ta Leyland a Ibadan, da ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Enugu.

Faɗuwar darajar Naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta durƙusar da akasarinsu. Daga nan masu motoci suka koma sayen DAF, MAN, Mack da Iveco na hannu, waɗanda suka gama aiki a Turai da Amurka. A shekarun baya-bayan nan kuma motocin China, irin su Howo, suka shigo da ƙarfi saboda rangwamen farashi.

Tankar mai a madadin bututu

Babu inda wannan sauyi ya fi fitowa fili kamar a harkar man fetur.

An tsara cewa mai zai riƙa tafiya ta bututu, mai tsawon kimanin kilomita 5,000, daga matatu zuwa manyan rumbunan ajiya a garuruwa irin su Kano, Gusau, Jos, Gombe, Maiduguri da Suleja. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ita aka ɗora wa alhakin shayar da arewa. Aikin tanka shi ne ta ɗauka daga rumbu ta kai gidan mai da ke kusa.

Da fasa bututu ya yi yawa, matatun gwamnati kuma suka shafe shekaru ba sa aiki yadda ya kamata, sai tanka ta koma yin tafiyar da aka gina bututu dominta, daga gaɓar teku har iyakar Nijar da Chadi.

Sakamakon haka ya bayyana a garin Majiya na jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda sama da mutane 150 suka rasu bayan wata tanka ta faɗi, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi. Bayan watanni uku, a Janairun 2025, irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda sama da mutane 80 suka rasa rayukansu.

Bayan waɗannan haɗurra ne hukumar NMDPRA mai kula da harkar rarraba mai ta haramta lodin tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 daga ranar 1 ga watan Maris na 2025.

Akan ɗora laifi kan direba, ko kan talaucin da ke sa mutane tunkarar man da ya zube. Dukkansu akwai ƙamshin gaskiya. Amma tambayar da ta fi waɗannan girma ita ce dalilin da ya sa dubban lita na fetur ke ratsa tsakiyar kasuwanni da ƙauyuka na tsawon kilomita 1,000 tun da farko.

Nauyi da kwalta

Masana aikin hanya sun daɗe da gano cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba daidai take ƙaruwa da nauyinta ba. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau 2, ɓarnar kan ninka kusan sau 16.

Wannan ne ya sa hanyar da aka yi domin ta shekara 20 kan farfashe cikin 'yan damuna. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar kayyade nauyi a 2012, ƙasashen UEMOA masu amfani da kuɗin CFA kuwa tun 2005, amma aiwatarwa ta kasance da rauni.

Mai mota na da tasa hujjar. Litar man dizal da ake sayarwa ƙasa da Naira 300 a farkon 2022 ta haura Naira 1,000 a farkon 2024. Taya da kayan gyara duk da dala ake sayo su. Ga kuɗin da ake karɓa a shingaye, na hukuma da wanda ba na hukuma ba, daga wannan jiha zuwa waccan.

A watan Fabrairun 2024 ƙungiyar masu manyan motoci ta NARTO ta dakatar da dakon mai na ɗan lokaci, tana mai cewa kuɗin da ake biyan 'ya'yanta ba ya mayar da abin da suke kashewa.

Idan riba ta ragu, hanyar da ta rage ita ce a ƙara lodi, a jinkirta sauya taya, direba kuma ya rage barci. Ƙarin lodi ya kashe hanya, matacciyar hanya ta kashe mota, gyaran mota ya sake cinye ribar. A ƙarshe mai sayen tumatir a Legas da mai sayen siminti a Sakkwato ne ke biya.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya na'urar kayyade gudu a motocin haya a 2017, tana kuma yawan gargaɗi kan haɗa mutane da dabbobi ko kaya a mota guda. Amma ɗabi'ar hawa saman lodi, wadda ake gani a hotunan shekarun 1950, tana nan, domin talaka bai samu abin da ya fi ta sauƙi ba.

Hanya da siyasa

Dogaro da mota ya kuma mayar da direba mutum na farko da rikici kan rutsa da shi.

A watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu. An tare motoci a wurare irin su Jebba, kuma cikin 'yan kwanaki farashin nama, tumatir da albasa ya tashi a Legas, yayin da kayan gwari ke ruɓewa a hannun manoman arewa. Ɓangarorin biyu sun ji a jikinsu kafin a sasanta a farkon Maris.

Hanyar Birnin Gwari, wadda ta kasance babbar hanyar tsofaffin direbobi daga Kaduna zuwa Jebba, ta shafe shekaru tana fama da 'yan bindiga. A kudu maso gabas, dokar zaman gida da 'yan aware suka ƙaƙaba tun 2021 ta jefa direbobi cikin haɗari. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe matafiya 16 'yan arewa a garin Uromi na jihar Edo, bayan an tare babbar motar da suke ciki.

A kan iyakoki ma haka abin yake. Rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ECOWAS ta sanya wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun bar ɗaruruwan motoci jibge a wurare irin su Jibiya, Illela da Malanville. Ga Nijar, wadda ba ta da teku, tsayuwar mota na nufin tsadar abinci da magani kai tsaye.

Wa zai mallaki motar gobe?

Akwai wani sauyi da hoto ba ya iya nunawa, wato na mallaka.

Motar da ke cikin tsohon hoto galibi ta mutum ɗaya ce, wani Alhaji mai mota biyu ko biyar, wanda ya san direbansa da iyayensa. Burin direba shi ne ya tara abin da zai sayi tasa, ko maigidansa ya sallame shi da tsohuwar mota. Ta wannan tsani ne iyalai da dama a Kano, Gusau, Funtuwa, Potiskum da Maraɗi suka samu arziki.

A yau manyan kamfanonin siminti, fulawa da mai na da dubban motoci nasu na kansu. A watan Yunin 2025 matatar Ɗangote, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta bayyana shirin sayo motoci 4,000 masu amfani da iskar gas ta CNG domin kai mai kai tsaye ga gidajen mai da manyan masu saye.

Masu goyon bayan shirin na ganin zai kawo sababbin motoci, ya rage kuɗin dako, ya kuma samar wa direbobi albashi tsayayye. Ƙungiyoyin masu tankoki kuwa sun nuna fargabar cewa ƙananan masu motoci za su rasa abin yi.

A watan Satumban 2025 ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG ta shiga yajin aiki kan 'yancin sababbin direbobin na shiga ƙungiya, kafin gwamnati ta shiga tsakani.

Ko ma wane ɓangare ne ke da gaskiya, abin da ke fili shi ne, direban gobe ya fi kusa da zama ma'aikacin kamfani mai lamba a ƙirji fiye da zama magajin madugu. Hakan na iya kawo horo da tsari. Yana kuma iya toshe hanyar da yaron mota ke bi ya zama mai mota.

Abin da ya rage

Masu lura da al'amura na ganin cewa abubuwa uku ne za su nuna inda aka dosa.

Na farko shi ne layin dogo. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Legas zuwa Ibadan a 2021, kuma a shekarar ce aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. An kuma buɗe tashoshin sauke kaya na kan tudu a Kaduna a 2018, Dala a Kano a 2023, da Funtuwa a 2024. Sai dai amfanin waɗannan tashoshi ya rataya ne kan samun jirgin da zai riƙa kawo kwantena daga teku a kai a kai. Gwajin da aka yi a 2016 na kai shanu daga Gusau zuwa Legas a jirgi ya nuna abu ne mai yiwuwa, amma bai ɗore ba.

Na biyu shi ne awon nauyi da wuraren hutawa. Muddin babu ma'auni mai aiki a kan manyan hanyoyi, kuma direba ba shi da wurin da zai ajiye mota ya kwanta cikin aminci sai gefen titi, to sabuwar kwalta ma ba za ta yi ƙarko ba.

Na uku shi ne horo. Tsohuwar makarantar karen mota na da zalunci a cikinta, amma tana fitar da mutumin da ya san mota. Idan ta gushe ba a maye gurbinta da makarantun koyon tuƙi na gaskiya da gwajin lasin mai tsauri ba, za a ci gaba da miƙa tan 40 ga hannun da bai ƙware ba.

Babu mai cewa a koma zamanin bodin katako, kuma tsofaffin direbobin da suka kwana a bakin kogi suna jiran fito su ne za su fara ƙin hakan. Abin da hotunan ke tunatarwa shi ne rabon aiki: jirgi ya ɗauki mai nauyi da mai nisa, bututu ya ɗauki mai, mota kuma ta ƙarasa da kaya inda dogo bai kai ba.

Akwai kuma wani aiki da ba ya buƙatar biliyoyin Naira. Galibin hotunan da ke yawo babu sunan direba, babu gari, babu shekara, kuma mutanen da suka tuƙa Bedford da roka suna ta raguwa. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, gidan tarihi na Gidan Makama a Kano, da sassan tarihi na jami'o'i, na da damar tattara hotunan daga hannun iyalai, su kuma naɗi bayanan waɗannan dattawa tun suna raye.